Kunnen Mai Shayi

Tsakiyar damina ce, lokacin da duwatsun da suka kewaye Mubi suke yin kore shar har mutum ya manta akwai dutse a ƙarƙashin ciyawar. Shekarar da muka dawo daga gudun hijira ke nan. Garin yana nan kamar gidan da aka share makoki: an buɗe shaguna, ana gaisawa, ana ciniki, amma kowa ƙasa-ƙasa yake magana, in kuwa taya ta fashe a bakin titi sai ka ga mutane sun watse da takalma a hannu. A wannan daminar ce na kusa rasa teburina na shayi a kasuwar shanu, teburin da na yi shekaru ina ci da 'ya'yana da shi. Dalili kuwa, kunnena ne ya toshe.

Na san za ku ce me ya haɗa kunne da shayi. Haka 'yan matan layinmu na Sabon Layi suke yi mini dariya in sun zo neman in koya musu. Ɗaya ta ce mini kwanan baya, "Mama, ai ruwan zafi ne kawai. Ki gaya mana inda kike sayen ganye mu wuce." Ban ga laifinta ba. Mu da bakinmu muke kiran shayi ruwan zafi, to sai yara suka ɗauka duk ruwan da ya ƙona yatsa ya isa. To ku zauna, ku yi haƙuri da ni, ni ba mai saurin magana ba ce, rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da girmana. Sai na fara muku daga farko kafin ku gane abin da daminar nan ta so ta raba ni da shi.

Maigidana Malam Sani tela ne, iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo. Da gwanjo ya cika kasuwa ɗinki ya ja baya, sai wata maƙwabciyarmu ta kai ni wurin Hajja Kaltume, Allah Ya jiƙanta. Hajja tsohuwa ce 'yar Shuwa, ita kaɗai ce mace mai shayi a bakin kasuwar shanu a wancan zamani. Da ƙuruciyarta ta bi hanyar ƙasa zuwa Makka, ta yi zaman shekaru a Sudan tana tara guzuri, can ta koyi shayi a hannun matan garin. Shi ya sa nata ya bambanta da na maza masu tebur. Su ganye suke zubawa a babbar tukunya ya wuni yana dahuwa. Ita kuwa ruwa zalla take dafawa a babbar buta, ganyen yana jira a ƙaramar buta, sai ruwa ya kai sannan a haɗa su.

Aikin da ta fara ba ni shi ne fifita. Ta miƙo mini mafici, ta zaunar da ni a gaban kurfotin gawayi, ta ce in juya wa butar gefe, kada in kalle ta. Ganye kuwa ko gwangwaninsa ban isa in taɓa ba. Tana can tana yanka burodi sai ta jefo mini tambaya ba tare da ta waiwayo ba:

"Asabe, me ta ce?"

"Wa, Hajja?"

"Butar mana. Ko kina zaton da ke nake hira?"

Na ɗauka tsufa ne. Ashe da gaske take. Buta tana magana, kuma ba murya ɗaya gare ta ba. In ruwa ya fara ɗaukar zafi sai ka ji wani siririn sauti kamar ana raɗa a ɗaki na kusa. Can sai ya ƙaru, ya zama shuuu mai ƙarfi, kamar ruwan sama yana tahowa daga kan dutse, tururi ma ya fara fita ta bakin butar. Ranar da na fara jin wannan na miƙe zumbur na ce, "Hajja, ya tafasa!"

Ba ta yi mini musu ba. Ta ce, "To zuba." Ta sa mini ganye a ƙaramar buta, na zuba ruwan, muka rufe, muka jira. Da ta tsiyaya a kofin gilashi sai ga shayi fari-fari kamar ruwan wankin kwano, ga wata farar kumfa ta kwanta a samansa, ganyen kuma yana yawo bai nutse ba.

"Sha," in ji ta.

Na kurɓa. Zafi kam akwai, har ya ƙona mini harshe. Amma babu shayi a ciki.

"Shanye duka. Ganyena ba na zubarwa ba ne." Da na shanye ta ce, "Ruwa mai surutu bai nuna ba. Kamar mutum yake. Ki jira ya yi shiru."

Kuma haka ne. Bayan wannan ƙarar mai ƙarfi, in ka yi haƙuri, sai sautin ya faɗi, butar ta yi kamar ta haɗiye maganarta. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wuta ce ta mutu ya kama fifita. Alhali nan ne wurin. Daga wannan shirun sai ka ji wata murya mai kauri daga ƙasan butar, ɓul-ɓul-ɓul, ruwa ya juya. To wannan juyin na farko shi baƙin ganye yake so. Ba ya buɗewa da ruwan da bai kai ba, duk zafinsa. Sai tafasasshe, sabon tafasa, a sauke a zuba nan take.

Ɗaya gefen ma sai da na sha shi. Wata rana na tafi wanke kofuna na bar butar tana ta ɓararraka, ni a ganina ai gara ya wuce da a ce bai kai ba. Hajja ta sake sa ni na zuba, na sha. Shayin ya yi duhu amma lami, sai ɗanɗanon ƙarfe a bayan harshe. Ta ce, "Wannan ruwan ya tsufa. Ransa ya fita da tururi. Ki kai wa masu wankin kai." Tun daga ranar ban ƙara zuba wa ganye ruwan da ya daɗe yana tafasa ba, ko wanda ya huce aka sake ɗorawa. In ya wuce, na kofuna ne.

Za ku ce me ya hana a buɗe murfi a duba. Na tambaya ni ma. Da fari dai babbar butar Hajja mai dogon wuya ce, bakinta ƙarami, in ka leƙa tururi ne zai cika maka ido. Sannan duk buɗewa ɗaya zafi ne ya gudu, hayaƙin gawayi kuma ya shiga, baƙin ganye kuwa ba ya yafe hayaƙi. Ga shi mai shayi ba ta da idon da za ta ajiye wa buta. Ido yana kan ƙwai a kasko, yana kan wuƙar burodi, yana kan wanda ya zauna da wanda ya tashi. Kunne ne kaɗai ba shi da wani aiki. Da shi kake sanin saura kaɗan, ka ɗauraye ƙaramar buta da ruwan ɗumi don kada sanyinta ya saci zafin, ka auna ganye, ka tsaya a shirye. Hajja tana iya kasancewa tsakiyar rigima da mai kawo gawayi, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ta juya ta sauke buta, ta dawo ta ci gaba da faɗanta daga inda ta tsaya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Gawayin ƙirya muke nema, mai nauyi, wanda in ka buga biyu suke ƙara kamar ƙarfe. Gawayi marar nauyi tartsatsi ne da toka, wutarsa tana hawa tana sauka, sai ya rikita maka muryar buta. Ganye iri biyu muke ajiyewa: na Mambila mai laushi, da wani mai kauri da 'yan kasuwa suke shigo da shi ta wajen Belel, wanda Fulani suka fi so don yana tsayawa da madara. Citta da kanumfari da kirfa kowanne da gwangwaninsa, ba a haɗawa sai mai sha ya nema. Ruwa ma ba ɗaya ba ne. Akwai wata rijiya a wajen Lamorde da ruwanta yake da daɗin sha, amma in ka yi shayi da shi sai wani maiƙo-maiƙo ya taso a sama. Ruwan mayo, wato kogi, sai ya kwana ya kwanta. Wanda ya fi duka shi ne ruwan sama na tsakiyar damina, bayan kwanon rufi ya wanku. Shi kam muryarsa a buta ma daban ce, siririya.

Teburin Hajja a inuwar rumfar Alhaji Bappa yake. Alhaji Bappa Bafillace ne, babban dillalin shanu, duk mai saye da mai sayarwa a wannan ɓangaren ƙarƙashin rumfarsa suke zama. Shi ya ba Hajja wurin, ba haya, ba komai, sai dai baƙinsa su sami shayin kirki. In ciniki ya ƙi faɗuwa, mai sa ya kafe mai saye ya kafe, sai ka ji ya ɗaga murya, "Hajja, a kawo mana mai sanyaya zuciya." Kafin kofi ya ƙare an tafa hannu. Yakan ce rabin la'adarsa a butar Hajja take.

Akwai kuma Baba Zira, mutumin Michika, Kirista, bakaniken manyan motocin da suke lodin shanu zuwa kudu. Garejinsa yana bayan rumfar. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Tun ina yarinyar Hajja yake tsokanata. In na miƙa masa kofi sai ya leƙa ciki ya ce, "Maman Habu, kai ne ka yi, ko tsoho ne ya yi? In kai ne, bari na yi addu'a tukuna." Baƙi yake sha, ba madara, sukari kaɗan. Irin waɗannan su ne alƙalan shayi, don babu abin da zai ɓoye musu.

Ranar da Hajja ta sakar mini buta ina tunawa da ita sarai. Ranar kasuwa ce, wasu fatake sun iso daga Chadi da garke, ruwa ya dake su a hanya, suka shigo rumfa suna rawar sanyi. Hajja ta zauna a kan benci ta miƙe ƙafa ta ce gwiwarta ta ƙi. Na riƙe wuta, na riƙe kasko, na riƙe buta. Sau nawa na sauke na ɗora ban sani ba. Babban cikinsu, wani dogo mai rawani, ya kurɓa ya dubi Hajja ya yi mata magana da Larabcinsu. Ta nuna ni da haɓa. Da suka tafi na ce me ya ce. Ta ce, "Cewa ya yi gishiri ya yi yawa a ƙwai." Sai da aka daɗe Alhaji Bappa ya gaya mini cewa mutumin tambaya ya yi ko 'yarta ce, don hannun ɗaya ne. Gwiwar Hajja kuwa, da yamma na gan ta tana tafiya garau.

Da ta rasu, 'ya'yanta suka bar mini butar da kurfotin, Alhaji ya ce in ci gaba da zama. Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗin. Kasuwa tana cika har babu masaka tsinke, kana jin Fulatanci da Larabci da Faransanci da yaren Michika a kan benci ɗaya. Da wannan teburin na aurar da 'ya'yana mata biyu, Habu ya yi makaranta.

Sai shekarar gudu ta zo. Ba zan ba ku labarinta ba, kowane gida a Mubi yana da nasa. Mu dai dutse muka bi muka tsallaka iyaka, muka yi kwanaki muna kwana a ƙasa cikin sanyi. A can kunnuwana suka kama ciwo, suka yi ta zubar da ruwa, babu magani sai man da wata tsohuwa take ɗiga mini. Da ciwon ya lafa sai na tarar na dama ya rufe ruf, na hagu kuma sai an ɗaga murya. Duniya ta koma kamar na tusa kai cikin randa.

Da muka dawo na sami butar Hajja a inda na binne ta a bayan ɗaki, cikin buhu. Na wanke ta da toka na koma bakin aiki. Maganar mutane ba ta ba ni wahala sosai ba, don na san abin da kowa yake sha tun kafin ya zauna, sauran kuma ina duban baki. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai zauna teburin kurma? Amma butar ta daina yi mini magana. Ina ganin tururi, ban san ko na surutu ba ne ko na tafasa. Na koma buɗe murfi kamar sabuwar yarinya. Wani lokaci in zuba bai kai ba, farar kumfar nan ta taso tana kallona. Wani lokaci tsoron haka ya sa in bar shi ya tsufa. Wani lokaci kuma hayaƙi.

Mutanen kasuwa ba sa cewa shayinka ya lalace. Kofi suke bari da saura. Da yamma in na zo wanke-wanke sai in ga ina zubar da rabi-rabi a kwata. Sannu a hankali bencina ya fara yin fili. A daidai lokacin kuma wani saurayi ya kafa tebur a bakin ƙofar kasuwa, da tukunyar gas da manyan filas-filas da ganyen nan na cikin 'yar jaka mai zare. Shayinsa ruwan zafi ne na gaskiya, amma kullum iri ɗaya ne, kuma ba a jira. Na ji an ce ya je ya gai da Alhaji, yana neman inuwar rumfa.

Wata ranar kasuwa da la'asar, bayan an watse, Alhaji Bappa ya zo ya zauna a bencina. Ya tsufa a gudun nan, gemunsa ya yi fari fat. Na kafa wa bakinsa ido, ya gaishe ni da Fulatanci.

"Jam na, Adda?"

"Jam, Alhaji."

"Adda, ni da ke ba baƙin juna ba ne. Yau baƙona na Garwa ya ajiye kofi ya aika a sayo masa na bakin ƙofa. A rumfata." Ya ja carbi. "Kowa ya dawo da abin da ya dawo da shi. In hannu ya gaji ba abin kunya ba ne. Habu ya girma, ki huta mana. Yaron nan yana ta yi mini zarya, ban ba shi amsa ba. Na ce sai kasuwa mai zuwa."

Na ce, "To, Alhaji. Allah Ya kai mu." Ya ce useko, godiyarsu ta Fulani, ya tashi. Ban ga laifinsa ba. Rumfa da baƙi take ci.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, ba kowa a teburin sai Baba Zira. Shi kam bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa barin saura ba, sai dai ya shanye yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Na juya baya ina goge kasko. Can sai na ji an taɓa mini kafaɗa da gindin cokali. Na waiwayo na gan shi tsaye, ransa a ɓace.

"Maman Habu! Sau nawa zan kira ka? Na ce butanka yana kuka tun ɗazu, na ce wuta ya kama zaninka, na ce maigidanka ya sayi jirgin sama. Ko ɗaya ba ka juya ba!"

Na duba zanena da sauri. Babu wuta.

Ya zauna a hankali. Ya nuna kunnensa, ya nuna ni. Na sunkuyar da kai. Ya matso ta hagu ya ɗaga murya.

"Tun yaushe?"

"Tun dutse."

"Kai! Shi ne ka bar mu muna shan wannan abu, muna cewa baƙin ciki ne ya shiga hannunka? Ni har na sa matana ya yi maka addu'a a coci!"

Dariya ta kama ni, ban shirya ba. Na ce, "Baba Zira, addu'ar ba ta faɗi ƙasa ba, ka yi mata godiya. Amma ka rufa mini asiri. Butar ce ba na ji. Hajja da kunne ta koya mini, ban san wata hanya ba."

Ya kalli butar. Sai ya tashi ba sallama ya nufi gareji. Na ɗauka ya tafi ke nan. Can sai ga shi da wani dogon sukundireba, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, yana goge shi da gefen rigarsa da ta fi sukundireban datti.

"Zuba sabon ruwa," in ji shi. "Sa wuta."

Na zuba, na ɗora, na yi fifita.

"Ka san yadda nake jin ciwon inji? Tirela yana ƙara, gareji yana ƙara, yara suna buga guduma. Kunne ba ya jin komai a wurin. Sai na sa wannan a jikin inji, na sa gindinsa a nan." Ya danna ƙashin da yake bayan kunnensa. "Ƙashi yana ji. Ubangidana da ya koya mini aiki kurma ne tilis, amma daga nan yake gaya maka wane fistin ne yake ciwo. Zo."

Ya kafa bakin ƙarfen a kafaɗar butar, ya miƙo mini gindin. Na ce, "Baba, mutane suna wucewa."

"Su wuce. Kai da za a kore ka jibi, kunya na me?"

Na gyara ɗankwali na manna gindin a bayan kunnena na dama, wanda ya mutu. Da fari ban ji komai ba sai sanyin roba. Ya ce in danna sosai. Na danna. Sai ga ta. Siririyar raɗar nan, can cikin kaina, kamar daga ɗaki na kusa. Ban motsa ba. Ta ƙaru, ta zama ruwan sama yana saukowa daga dutse. Tururi ya fara fita, Baba Zira ya ɗaga hannu yana nuna mini in sauke, na girgiza masa kai. Muka tsaya a haka, ni a sunkuye, shi riƙe da tsakiyar ƙarfen da tsumma don ya fara zafi. Sai sautin ya faɗi. Na ce masa, "Saki." Na ɗauraye ƙaramar buta, na auna ganye, na sake mannawa, na ji ta juya, na sauke na zuba.

Da ya jiƙu na tsiyaya masa. Ja wur, babu kumfa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"To," in ji shi. "Tsoho ya dawo daga lahira." Ya miƙa hannu ya ɗauke sukundirebansa. "Wannan kuma ba zan ba ka ba, da shi nake ci. Nemi naka."

Na koma gida da la'asar ina ta gwaje-gwaje a tsakar gida. Ludayin ƙarfe yana kawo sauti amma yana ƙona fata. Kara ba ya kawo komai. Sandar tsintsiya ta yi kauri. Daga ƙarshe na ɗauko muciyar tuwo, tsohuwa, ta icce mai tauri wadda hannu ya goge ta har tana sheƙi. Na kankare bakinta, na wanke, na kafa. Ta fi ƙarfen ma, don muryar tana zuwa da taushi, kuma ba ta ɗaukar zafi. Malam Sani yana zaune a bakin kekensa yana kallona ta saman tabarau. Ya zo ta hagu ya ce, "Asabe, in butar ta gaya miki inda za a sami kuɗin cefane, ki sanar da ni." Na ce ya yi shiru, ana magana. Washegari ban fita kasuwa ba, wuni na yi ina ɗorawa ina saukewa, har na gane cewa ba sai na tsaya a kanta ba. In taɓa sau ɗaya in ji inda take, in koma kan kasko, in dawo daidai lokacin shirun.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu son kafa tebur. Ban hana ku gas ba, ban hana ku filas ba, zamani ne. Amma ruwan filas na ɗauraye kofi ne da dama madara. Baƙin ganye ku ba shi sabon ruwa a tafasarsa ta farko, ku rufe, ku ajiye a gefen wuta, kada ku ɗora a kai, ku bar shi gwargwadon yanka burodi da soya ƙwai ɗaya. In kuna da kunne ku yi amfani da shi tun yana nan.

Da gari ya waye ranar kasuwa, na yi sallah, na ɗaure muciyata a cikin zane tare da wuƙar burodi na fita. Na hura gawayi, na cika buta da ruwan saman da na tara. Dillalai suka fara taruwa, Alhaji Bappa ya iso da baƙonsa na Garwa, saurayin bakin ƙofa ma na hango shi yana shawagi kusa da rumfa. Na kwance muciya a gaban kowa, na kafa ta a kafaɗar buta, na manna a bayan kunne. Na ga bakuna suna buɗewa, na ga wani yana dafa cikinsa don dariya, na ga Baba Zira ya leƙo daga gareji yana yi musu bayani da hannu biyu. Na rufe ido na jira shirun.

Na kai wa Alhaji da baƙonsa da hannuna. Na koma na fasa ƙwai, ban kalle su ba. Can na ɗago na ga Alhaji yana yi mini magana daga nesa, ta gefen dama, ban ji ko kalma ɗaya ba. Kofin dai na gani, ya ɗaga shi sama ya kifa, ko ɗigo bai faɗo ba, baƙon ma ya miƙo nasa. Na karɓo su na ɗauraye, na zuba sabon ruwa a buta, na ɗauki muciyata.